Su Wa Suka Ɗauki Nauyin Farautar Turawan Farko a Dazukan Afirka?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, ina yawan cin karo da tsofaffin hotunan Turawa riƙe da bindiga, sun ɗora ƙafa kan gawar zaki ko giwa, baƙaƙen fata kuma sun yi layi a bayansu. Shin waɗannan tafiye-tafiye binciken ilimi ne kamar yadda ake faɗa, ko kuwa kisa ne kawai don nishaɗi? Kuma ta yaya baƙo zai kutsa cikin ƙabilun da ke can ƙuryar daji, bai san harshensu ba, ya yi wata da watanni ya fito lafiya?"

Malam, tambayarka biyu ce, kuma ta biyun ta fi ta farkon nauyi. Game da ta farko, ilimi da sha'awar kisa tare suke tafiya a zukatan mutanen nan, har su kansu ba su ga wani saɓani a tsakani ba. Game da ta biyu kuwa, baƙon bai taɓa shiga daji shi kaɗai ba, domin mutanen da ka gani a layin baya su ne suka san hanya, suka san ruwa, suka iya harshe, suka bi sawu, suka kuma ɗauki kayan a ka. Zan ɗauki tafiya guda wadda labarinta ya fi na sauran cika a rubuce, wato ta tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt a Gabashin Afirka, domin kusan duk abin da ka tambaya yana cikinta.

Roosevelt ya sauka daga mulki a farkon Maris na 1909 yana da shekara 50, kuma kafin watan ya ƙare ya shiga jirgin ruwa daga New York tare da ɗansa Kermit. Sun sauka Mombasa ranar 21 ga Afrilu, suka ratsa ƙasar da a yau ake kira Kenya, suka shiga Yuganda, suka bi Kogin Nilu, tafiyar ta ƙare a Khartum a tsakiyar Maris na 1910. Da sunan cibiyar Smithsonian ta Washington aka yi ta, wadda ke neman fatu da ƙasusuwan dabbobi don gidan tarihinta, attajirai irin su Andrew Carnegie suka zuba kuɗi, wani kamfanin ɗab'i kuma ya biya Roosevelt dala 50,000 don ya riƙa aiko da labarin tafiyar ana bugawa a mujalla. Masana dabbobi uku ne suka raka shi, Edgar Mearns da Edmund Heller da Alden Loring. Wani kamfani a Nairobi mai suna Newland da Tarlton ne ya shirya ayarin, ya kuma sa ƙwararren maharbi R. J. Cuninghame ya ja ragamarsa.

Abin da hotuna ba su cika nunawa ba shi ne girman ayarin. 'Yan dako wajen 250 ne ke tafe da shi, wani lokaci su ƙaru idan fatu suka yi yawa. A cikin kayan akwai gishiri tan huɗu, saboda ɗanyar fata a ƙasa mai zafi ba ta kwana biyu sai ta ruɓe, akwai tantuna da tarkuna da akwatunan harsashi da abincin gwangwani, har da wasu littattafai masu bangon fatar alade da Roosevelt ke karantawa a zango. Dokar gwamnatin mallaka ta ƙayyade kayan ɗan dako ɗaya a kan kimanin kilo 27, sai kuma bargonsa da ɗan ƙunshin kayansa a sama, abincinsa kuwa awon garin masara ne a kullum, sai naman da aka harbo. A bisa 'yan dako akwai shugaban ayari, yawanci Baswahile, wanda ke raba kaya da abinci da sasanta rigima. Akwai askarawa masu gadi, da kuku, da barorin tanti, da masu kula da dawaki, sannan masu riƙon bindiga, waɗanda albashinsu ya ninka na ɗan dako sau da yawa saboda su ne ke tsayawa a kafaɗar maharbi lokacin da ɓauna ta juyo, su miƙa masa bindiga ta biyu ba tare da sun ruga ba. Ladabtarwa kuma da bulalar fatar dorina ake yin ta a yawancin irin waɗannan ayari. Duk wanda ya ji labarin ayarin fatakenmu na zuwa Gwanja sayen goro, da madugu da jagaba da uban dawaki da tsarin sauka a zango, ya riga ya fahimci rabin abin, domin tsarin ɗaya ne, illa dai a can kan mutum ne ya maye gurbin jaki saboda ƙudan tsando da ke kashe dabbobin dako.

Wannan tsari ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. Tun ƙarni na 19 ayarin hauren giwa da bayi ke tashi daga Bagamoyo a bakin teku zuwa Tabora har Ujiji a gaɓar Tafkin Tanganyika, kuma mutanen Nyamwezi sun mai da dako sana'ar gado, suna da waƙoƙinsu na hanya da ƙa'idojinsu na hutu da biyan lada. Turawan da ake kira masu gano ƙasa a cikin wannan hanyar suka shiga. Sidi Mubarak Bombay, wanda aka kama bawa yana yaro aka kai shi Indiya kafin ya dawo 'yantacce, shi ne ya yi wa Burton da Speke jagora a 1857, ya sake raka Speke da Grant, ya raka Stanley neman Livingstone a 1871, sannan ya ratsa nahiyar daga gabas zuwa yamma tare da Cameron. Joseph Thomson, wanda aka sa wa wata barewa sunansa, da ya zo ratsa ƙasar Masai a 1883 sai da ya raɓu da ayarin wani ɗan kasuwar Swahili mai suna Jumba Kimameta kafin hanya ta buɗe masa. Wannan Thomson ɗin kuwa shi ne ya zo Sakkwato da Gwandu a 1885 neman yarjejeniya a madadin kamfanin Ingilishi na Kogin Kwara, abin da ke nuna cewa mai binciken daji da mai share wa mulkin mallaka hanya sau da yawa mutum ɗaya ne.

A dubi yadda Roosevelt ya sami giwarsa ta farko a watan Agusta na 1909, a kurmin da ke gindin Dutsen Kenya. Kurmi ne mai duhu da sanyi, inda mutum ba ya hango abin da ke taku goma a gabansa. Mutanen Okiek, mafarauta masu ɗiban zuma waɗanda maƙwabtansu ke kira Dorobo, su suka shige gaba. Su ne ke duba kashin giwa su gane ko na safiyar nan ne ko na jiya, su dubi reshen da aka karya su san inda garken ya nufa, su lura da inda iska ke kaɗawa, su hau bishiya su leƙa, domin giwa ba ta da kaifin gani amma hancinta ba ya kuskure. Da aka matso kusa, Roosevelt ya harbi wani toron giwa ya faɗi, sai ga wani toron ya fasa kurmi ya yo kansa, ya kauce bayan bishiya da bindiga ba harsashi, Cuninghame ne ya harba ya juya shi. Daga nan aikin gaske ya fara. Heller da mafiɗansa 'yan ƙabilar Kamba suka yi kwanaki suna fiɗa, suna raba fatar gida-gida, suna kankare kaurinta da wuƙa har gishiri ya iya ratsa ta, sannan aka naɗe ta aka ɗora wa 'yan dako tare da ƙoƙon kai da ƙasusuwa, suka sauko da su daga dutse zuwa inda jirgin ƙasa zai ɗauka. Harbin bai wuce daƙiƙoƙi ba, amma abin da ya gabace shi da abin da ya biyo bayansa aikin mako ne na mutane da yawa, kuma a ƙarƙashin hoton sunan mai harbin kaɗai ake rubutawa.

Yanzu ga lissafi, don ka yi hukunci da kanka. Roosevelt da ɗansa sun kashe manyan dabbobi 512, shi 296, Kermit 216, a cikinsu akwai zaki 17 da giwa 11 da karkanda 20. Jimillar dabbobin da ayarin ya tara ta kai wajen 11,400, kuma mafi yawansu ƙanana ne, ɓeraye da jemagu da jaɓa da tsuntsaye da macizai da kwaɗi, waɗanda Loring da Mearns suka kama da tarko ko ƙaramar bindiga. A nan ne ilimin yake. Kowace dabba an auna ta, an rubuta wuri da ranar da aka same ta, kuma sai da aka yi shekaru ana tantance su a Washington, an sami ire-iren da masana ba su taɓa rubutawa ba, har yau kuma masu bincike na komawa ga waɗannan fatu su gwada yadda dabbobin yankin suke kafin a share dazuka a yi gonaki. A zamanin da kyamara ke da nauyi kuma ba ta ɗaukar abu daga nesa, hujjar masani ita ce fata da ƙashi. Wannan uzuri ne na gaske, amma bai rufe komai ba. Roosevelt ya rasa ganin idonsa na hagu tun yana fadar shugaban ƙasa sakamakon damben motsa jiki, ga shi da son harbi daga nesa, saboda haka dabbobi da yawa sai an yi musu ruwan harsashi ko an bi jininsu kafin su mutu, kuma ko a lokacin wasu maharba 'yan'uwansa sun ga abin ya yi yawa.

Inda na fi ganin laifinsa shi ne batun farin karkanda. A Janairun 1910 ayarin ya sauka a yankin Lado, a yammacin Nilu, wanda a lokacin ke hannun Beljiyam, musamman don neman wannan dabba. Roosevelt ya san ta yi ƙaranci, ya san 'yar'uwarta ta Kudancin Afirka ta kusa ƙarewa, amma shi da ɗansa suka kashe tara. Hujjarsu ita ce tunda dabbar za ta ɓace, gara gidajen tarihi su sami nasu tun da sauran lokaci, hujjar da ke gaggauta abin da take tsoro. Wurin da suka yi zango har yau Rhino Camp ake kiransa a arewa maso yammacin Yuganda. Ba su ne suka ƙarar da farin karkandan arewa ba, yaƙe-yaƙe da cinikin ƙaho na shekarun da suka biyo baya ne suka yi wannan, amma namiji na ƙarshe ya mutu a Maris na 2018 a gandun Ol Pejeta na Kenya, mata biyu kawai suka rage.

Sai batun mutanen da ake cewa suna ƙuryar daji. Roosevelt ya shiga ƙasar ne zaune a kan wani benci da aka kafa a goshin jirgin ƙasa, a layin dogon da aka fara a Mombasa a 1896 ya kai Tafkin Victoria a 1901, kuma ya rubuta cewa tamkar yana ratsa duniyar zamanin dutse ne, dabbobinta da mutanenta duka. Wannan kallo ne ya rinjayi littattafai da finafinan da suka biyo baya, kuma kuskure ne babba, domin filin da ya gani cike da namun daji babu shanu sabon abu ne. Ciwon bushiya ya shigo ta Iritiriya a ƙarshen shekarun 1880, ya share mafi yawan shanun Gabashin Afirka, yunwa da agana suka biyo baya suka karya Masai da maƙwabtansu. Da makiyaya suka ragu, daji ya rufe makiyaya, tsando ya yaɗu, namun daji suka dawo suka cika wurin. A kan wannan rauni ne Ingilishi suka sa Masai hannu a yarjejeniyar 1904 da ta fitar da su daga makiyayarsu mafi kyau ta wajen Naivasha da Nakuru, sannan aka sake wata a 1911 aka kore su daga Laikipia. Zakunan farko da Roosevelt ya harba, a gonar wani Bature mai suna Sir Alfred Pease ya harbe su. Ke nan dajin da ake cewa babu hannun ɗan Adam a cikinsa yana da tashar jirgi da ofishin haraji da gonakin baƙi.

Labarin Nandi ya fi kowanne fito da wannan. A watan Nuwamba na 1909, a tudun Uasin Gishu, aka tara mayaƙan Nandi masu yawa don su nuna wa babban baƙo yadda suke kashe zaki da mashi. Turawa a kan dawaki suka tsare wani zaki mai geza a fili ba tare da sun harba ba, mayaƙan suka iso da garkuwoyin fatar sa da dogayen masu, suka yi masa zobe suna matsowa sannu a hankali. Zakin ya zaɓi gefe ɗaya ya afka, wanda ya nufa ya durƙusa bayan garkuwarsa ya soke shi, sauran suka rufe shi da masu, cikin ƙiftawar ido aka gama, mutum biyu suka ji rauni, sauran suka ɗaga garkuwa suna zagaya gawar da waƙa. Roosevelt ya yaba jarumtarsu ƙwarai, kuma yabon gaskiya ne. Sai dai waɗannan mutane shekara goma suka yi suna yaƙar Ingilishi da layin dogonsu, har zuwa Oktoban 1905 lokacin da hafsan soja Richard Meinertzhagen ya kira shugabansu Koitalel Arap Samoei zaman sulhu ya harbe shi, aka kwashe musu shanu aka tura su keɓaɓɓen yanki. Shekara huɗu kacal ke tsakanin wannan da wancan wasan. To, Malam, ga wani ɓangare na amsar yadda baƙo ke fitowa lafiya: kafin maharbi ya iso, soja ya riga ya wuce.

Ko abin da ake kira gano sabuwar dabba, sau da yawa tambayar mai wuri ce kawai. Okapi, ɗan'uwan raƙumin dawa mai zanen jakin dawa a ƙafafu, masanan Turai ba su san shi ba sai 1901, kuma Harry Johnston ya sami bayaninsa ne daga wasu 'yan Mbuti na kurmin Ituri waɗanda wani Bajamushe ya sace zai kai su Turai a yi kallo, Johnston ya ƙwace su ya mai da su gida. Mbuti sun daɗe suna kama okapi a rami, amma sunan Johnston dabbar ke ɗauke da shi a littattafan kimiyya.

Ban ce mutanen ƙasa ba su da hannu a ɓarna ba. Kamba da Waata sun kashe giwaye masu yawa da kibiya mai dafi suna sayar da haure ga 'yan kasuwar bakin teku, kuma kasuwar Turai da Amurka ce ke ja, inda ake yin maɓallan fiyano da ƙwallayen wasan tebur da shi. Bature ɗaya, W. D. M. Bell, ya kashe giwa 1,011 shi kaɗai. Bambancin ya zo ne wajen doka. A 1900 ƙasashen mallaka suka yi taro a Landan suka tsara yarjejeniyar kare namun dajin Afirka, wadda ta nemi a taƙaita amfani da raga da rami, ta kuma sa zaki da damisa da kura da kyarkeci da kada cikin dabbobin da ya kamata a rage. Ba ta fara aiki a hukumance ba, amma Ingilishi sun kwaikwaye ta a dokokin yankunansu. Baƙo mai fam 50 zai yanki lasisi ya harbi giwa, mutumin da kakanninsa suka rayu da farauta kuwa, ba shi da kuɗin lasisi, an hana shi bindigar zamani, an kuma haramta masa dabarunsa na gado, sai ya wayi gari sunansa ɓarawon daji. Da aka kafa gandun Tsavo a 1948, Waata ne suka fi kowa ɗanɗanawa, musamman a samamen 1956 da 1957.

Daga cikin maharban nan ne kuma masu kare daji suka fito. Ƙungiyar da aka kafa a Ingila a 1903 don kare namun dajin daular, saboda yawan tsofaffin maharba a cikinta har ba'a ake yi musu da cewa mahauta ne da suka tuba. Carl Akeley, gwanin cusa fatar dabba ta tsaya kamar mai rai, wanda ya haɗu da Roosevelt a Uasin Gishu suka yi farautar giwa tare, ya je duwatsun Virunga a 1921 ya harbi gwaggon biri biyar, abin ya dame shi, ya shiga roƙon Beljiyam har aka kafa gandun Albert a 1925, wanda shi ne Virunga na Kwango a yau, kuma a can ya rasu a 1926. Gandayen sun ceci dabbobi da yawa, wannan ba abin musu ba ne, amma sun gaji tunanin nan na cewa daji na gaskiya shi ne wanda babu mutum a ciki, shi ya sa aka fitar da Masai daga Serengeti a 1959. Kenya ta haramta farautar nishaɗi gaba ɗaya a 1977, Tanzaniya da Namibiya da wasu ƙasashe kuma suna ci gaba da sayar da lasisi, suna cewa kuɗin ne ke riƙe dazukan.

Irin wannan tafiya ta ratsa ƙasarmu ma, ko da yake ba ta yi suna kamar ta Gabas ba. A 1904 Boyd Alexander, soja mai nazarin tsuntsaye, ya shigo ta Kwara da Binuwai da jiragen ruwa biyu na ƙarfe waɗanda ake kwancewa a ɗauka a ka, tare da 'yan dako da sojojin rakiya da aka ɗauka a Najeriya. Ƙanensa Claud ya rasu a Maifoni, wato Maiduguri, a wannan shekarar. Ya yi watanni yana neman hanya cikin ciyayin Tafkin Chadi, ya bi Shari da Ubangi da Uele, abokinsa Gosling ya mutu a hanya a 1906, sai shi da mai tara masa dabbobi José Lopes, ɗan tsibiran Cape Verde, suka kai Nilu. Da ya sake dawowa, an kashe shi a 1910 a yankin Wadai lokacin da Faransawa ke yaƙi a can, aka kawo gawarsa Maifoni kusa da ta ƙanensa. A 1920 kuma Angus Buchanan ya tashi daga Kano ya bi Damagaram da Agadas zuwa duwatsun Azbin yana tara wa Lord Rothschild tsuntsaye da dabbobi, a 1922 ya sake tashi daga Kano ya ratsa Sahara har Aljeriya da mai ɗaukar fim. Hanyar da ya bi zuwa Bilma kuwa ta ayarin gishiri ce, a cikin dubban raƙuman Buzaye ya shiga, madugunsu na gaba yana biye.